Rigar da Ta Ishi Landry

Idan ka ɗora dutsen guga mai zafi a kan baƙin yadin da aka yayyafa wa ruwa, ƙanshin mai rigar ne ke fara tashi kafin tururi. A makon da zan ba ku labarinsa, shagonmu na unguwar Nzeng-Ayong a Libreville ya cika da matan da ba sa nan. Wannan abayar ta saki turaren wuta, waccan humra, wata albasa da man gyaɗa, wata kuma ta mai jego ce, har da ɗan ƙarnin nono a kafaɗa. Rigunan mawaƙan coci kuwa kafur da kyandir suke yi. Ina guga ina lumshe ido ina kiran sunayen masu su. Yadi ɗaya ne kawai hancina ya kasa gane mai shi.

Abin da ya tuno min da wannan shi ne maganar da ɗayarku ta yi jiya, ku 'yan koyo, kuna cin burodi da wake a bakin ƙofa. Ta nuna baƙar rigar da ke rataye bayan keken ɗinki, irin wadda ɗalibi ke sawa ranar bikin kammala karatu, ta ce, "Anti Ma'u, toj ai buhu ne aka yi wa hannu. Ko ni yau sai in ɗinka uku." Kuka yi dariya, ni ma na yi. To ga labarin buhun nan, ku karanta idan kun aje waya.

Aikina na farko a shagon nan ba ɗinki ba ne. Goggo Dudu, ƙanwar babana, wadda ta zo daga Garwa da kan kekenta a cikin kwano, reza ta miƙo min da wani siket da aka karkata wa zif. Ta ce, "Warware." Na warware, ta ba ni wani. Da safe ina makaranta, da yamma ina kan benci da reza, ina bin sawun allurar wasu. Sai da na shekara a haka kafin ƙafata ta taɓa fedal. A lokacin ina ganin zalunci ne. Daga baya na lura cewa idona ya iya karanta riga daga ciki: inda tela ya yi sauri, inda yadi ya gaza masa ya yi dabara, inda wuta ta ɗauke ya ƙarasa da hannu.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma su ne dai kuke gani. Almakashin yadi, wanda idan ya taɓa takarda Goggo za ta ji daga masallaci. Alli, tef ɗin awo, kwarkwaro, mazargi. Dutsen guga na gawayi, saboda kuran na garin nan, wato lantarki, ba ya sallama idan zai tafi. Sai keken da muke kira Tsohuwa. Iskar teku tana cin ƙarfe a Libreville, don haka kowace Asabar Baba Bitrus, mai gyaran kekuna da ke shagon kusa da mu, yake shigowa da 'yar kwalbar mai. Mutumin Jos ne, kuma shi ne shugaban mawaƙa a cocinsu.

"Hajiya Dudu, Tsohuwa ta kwana lafiya?"

"Ta fi ka lafiya, Malam Bitrus. Ita ba ta tari."

"Ai don ni nake ba ta magani. Ni wa ke ba ni?"

"Ka rage ihu a coci, tarin zai tafi."

Rigar wata Madam daga unguwar Cocotiers ce ta koya min awo. Mace ce mai fara'a da jiki, tana zuwa da lambobinta a ka, na tun kafin haihuwarta ta fari. Ni kuwa na zagaya ƙugunta da tef na faɗi abin da na gani da ƙarfi, a gaban mutane. Goggo ta karɓe tef ɗin ta ce, "Wannan ya miƙe, Madam, zafi ne, kin san kayan yanzu." Ta sake awo, ta riƙe lambar da farcenta ba ta faɗe ta ba. Rigar ta zauna daidai, Madam ta tafi tana cewa ai ta san ba ta ƙara ba. Tun daga ranar ba ta sake kai ɗinki wani wuri ba, kuma tun daga ranar ban sake faɗin ƙugun kowa a fili ba.

Mummunar shekara ita ce ta cutar nan da ta hana taro. Ba biki, ba suna, ba fitar takaba, ba anko. Sana'armu ashe ta taron jama'a ce, mu ba mu sani ba. Muka koma ɗinka takunkumin fuska da ragowar atamfa, ina zaune ina yi wa hancin mutanen da ban sani ba tattara. Wata rana ma ba mai saye. Goggo takan juya Tsohuwa ba zare, don kar ta yi tsatsa, sai ka ji keke na gudu ba ya ɗinka komai. Muka fita daga shekarar da ramammun aljihu, amma ba mu sayar da keke ba.

Makarantarmu ma ta fito da yunwa, sai dai ita ta san inda za ta ci. Ina karatun adabi a lokacin, a wata babbar makaranta da ba sai na kama sunanta ba. Da farko aka miƙa wa wani kamfani gidan cin abinci. Sannan ɗakunan kwana. A shekararmu ta ƙarshe sai aka miƙa masa bikin kammalawa kansa. Aka ce duk mai son shiga zauren biki sai ya sayi ƙunshi: hayar toj ɗin kamfani, hoto, da kujeru biyu na iyaye. Ba rigar kamfani, ba shiga. Kuɗin ƙunshin ya fi hayar ɗakin da yawancinmu ke kwana.

Aka kira mu taro. Mutumin kamfani, cikin kwat mai sheƙi, ya ce daga yau mu ɗauki kanmu a matsayin kwastomominsu. A gefensa shugaban tsangayarmu ne, wanda muke kira Duwayan, wani ƙaton dattijo da ya koya mana waƙa shekara uku, mai karanta baiti har muryarsa ta yi rawa. Muna ta kallonsa ya ce wani abu. Ya cire tabarau yana gogewa.

Sai Ornella ta ɗaga hannu. 'Yar ajinmu ce, 'yar ƙarama kamar za ka sa ta a aljihu, ita ce kuma shugabar kwamitin ɗalibai.

"Mun gode, Yallaɓai," in ji ta. "Tunda kwastomomi ne mu, ka san idan kaya ya yi wa kwastoma tsada, shago na gaba yake wucewa."

Zauren ya ɗauki tafi. Kwamiti ya yanke cewa ba wanda zai shiga bikin kamfani, har da masu halin biya. Za mu yi namu a rana ɗaya, a ƙarƙashin itatuwan badamiye da ke wajen ƙofar makaranta, da rigunanmu. Shaidar karatu dama a ofis ake karɓa daga baya. Bikin na iyaye ne.

Shago na gaba kuwa mu ne. Washegari Ornella ta zo Nzeng-Ayong, a bayanta Landry, mai buga wa kwamiti ganga. Sai da ya karkace kafin ya shige ƙofarmu, da ya miƙe kuma shagon ya yi duhu.

Goggo ta dube shi daga ƙasa har sama ta ce da Hausa, "Ke 'yar nan, wannan shi ma ɗalibi ɗaya ake lissafa shi?"

Ornella ta yi bayani: mun kusa ɗari, kuɗi babu, baƙin yadin kasuwa kuma kamfani ya kwashe, ragowar ya yi tsada. Ta ƙare da cewa, "Mama, mun san abin da muke roƙo ba mai yiwuwa ba ne."

"To me ya kawo ku?" in ji Goggo da Faransancinta na kasuwa. Amma ta riga ta ɗauki mayafi.

Gida-gida ta bi, daga nan har unguwar Alibandeng, wajen matan 'yan kasuwarmu. Kowace mace tana da abayar da ta matse ta ko ta gundure ta. Baba Bitrus kuma ya tuna cewa mawaƙansa sun koma shuɗiyar riga tun Ista, tsofaffin baƙaƙen na cikin akwati. Kafin Juma'a kaya sun taru har saman Tsohuwa. Na koma kan bencina na dā da reza, ina murna kamar wadda ta haɗu da ƙawar yarinta.

A nan ne abu na farko da mai cewa buhu bai sani ba. Baƙi ba ɗaya ba ne. A ƙarƙashin ƙwan lantarki duk 'yan uwa ne, amma ka fito da su bakin ƙofa da hantsi, sai kowa ya faɗi asalinsa. Wani ya karkata ja kamar goron da ya kwana. Wani shuɗi kamar bayan tsattsewa. Wani kore, wani toka-toka kamar sararin garin nan da rani. Idan ka haɗa gaba da wani baƙi, baya da wani, a shago ba komai, a hoton da za a rataye a falo shekara ashirin kuwa tonon asiri ne. Muka shimfiɗa su a rana muna haɗa kowa da danginsa. Da muka gama, abin da ya fita riga shida ne.

"Shida," in ji Ornella. "Mu ɗari."

"Ke riga nawa kike sawa a lokaci guda?" in ji Goggo. "Mutum ya sa, uwarsa ta gani, a ɗauki hoto, ya cire ya ba na baya."

"Amma Mama, ba girmanmu ɗaya ba."

Goggo ta miƙa hannu ta janyo wani wandon shadda da ke jiran guga, ta ja zariyarsa, ƙugun ya tattare, ta sake shi ya buɗe. Wandonmu ai ba ya tambayar mutum ko ya ci ya ƙoshi. Ta ce haka za a yi wa toj: a ɗinka ƙubaka a ɓoye ta ciki, daga kafaɗa zuwa kafaɗa ta baya, a zura zariya. Siriri ya zo a ja, mai jiki ya zo a saki.

Baba Bitrus ya leƙo ta taga. "Hajiya, yanzu wandon Bahaushe za ki rataya wa masu digiri a wuya?"

"Kai da ka shekara talatin a cikinsa, ya taɓa ba ka kunya?"

Abin da ya ba ni mamaki shi ne kyan da ya yi. Idan aka ja zariyar, yadin kan tattaru a bayan kafaɗa ya zubo layi-layi, irin tattarar da telolin manyan shaguna ke kwana biyu suna jerawa da fil. Tsawo kuma muka yi masa maɓallai ta ciki, gajere ya zo a naɗe kalmasa a maƙale. Muka yanka fararen ƙyallaye na wuya masu yawa, a riƙa canzawa saboda gumi. Amma ku lura, ƙubakar nan idan ta sauka da faɗin yatsa ɗaya, rigar za ta rataye kamar jemage. Idan ta hau, ta shaƙe mutum. Sau nawa na warware tawa, ban ƙirga ba.

Ranar gwaji kowa ya shiga ya fita yana juyi a gaban madubi. Sai aka zo kan Landry. Muka saki zariyar mafi girma har ƙarshe. Hannu ɗaya ya shiga, na biyun ya tsaya a gwiwa, ɗinkin baya ya fara kuka. Muka cire da sauri. Muka haɗa masa wata da ragowar ƙyallaye, baƙi kala uku, ko Allah zai rufa asiri. Ya fita rana, sai ga shi kamar tamfol ɗin masu kifi. Abokansa suka faɗi ƙasa don dariya, shi ma ya yi. Sannan ya zauna a bencina, bencin ya yi ƙara, ya daina dariya.

Ya ce kakarsa ta riga ta taso daga ƙauyensu, can bayan Makokou. Ita ta raine shi da kuɗin rogon da take naɗewa a ganye. Ta taɓa ganin hoton toj a kalanda, kuma duk ƙauyen sun san jikanta zai sa irinta.

"Ba zan nuna mata takarda ba, Ornella. Ba ta karatu. Rigar za ta karanta."

"Idan ka shiga zauren nan, rabin mutane bayanka za su bi. Kai ne ganga."

"Na sani."

"To?"

"To kamfani na da girmana. Na tambaya." Ya sunkuyar da kai. "Ba na so. Amma ba zan tsaya gabanta da tamfol ba."

Ba wanda ya zage shi, don kowa na da tsohuwa a wani wuri. Haka maganar ta tsaya: in an samu rigar da ta ishi Landry, bikinmu ya tsaya da ƙafarsa. In ba a samu ba, ya watse.

Goggo kuwa tana ta kallon kafaɗunsa, irin kallon da take yi idan tana awo ba tef. Can ta naɗe wani ɗinki a leda ta ce za ta kai wa mai shi Cocotiers. Ta tare taksi, ta yi cinikin kuɗin mota kamar kullum, ta tafi. Da la'asar ta dawo hannu wofi, ta ce min in ɗora shayi.

Washegari da hantsi wani direban taksi ya aje mana jaka ya ce an ce a ba Mama mai ɗinki. A ciki yadi ne, an riga an warware shi falle-falle. Ban taɓa riƙe irinsa ba. Nauyi gare shi kamar ruwa, baƙinsa kuma ko a rana bai karkata ko'ina ba, kamar ka leƙa rijiya. Wanda ya warware shi bai iya ba, duk ya tsattsage bakin wuya da reza. Akwai guntun zare rawaya maƙale a gaba, da wata 'yar hudar ƙuna kusa da kalmasa. Na ɗora guga na lumshe ido: taba, tsohuwar takarda, ɓawon lemo. Ba kowa a cikin matan da na sani.

"Goggo, ta wace ce?"

"Ta Landry ce."

"Kafin shi fa?"

"Ke 'yar nan, keke na jiranki."

Daga yanayin yankan na gane tsohuwar rigar manya ce, ta alƙali ko lauya. Na ce a raina wata ce a Cocotiers mijinta ya rasu ta buɗe akwati. Na yi masa addu'a, na bi tsofaffin hudojin allura na mayar da ita yadda take, na rufe tsagar wuya da shafi. Goggo ta ce ita ma a sa mata zariya. Na ce ai mutum ɗaya za ta yi wa aiki. Ta ce, "Sa dai."

Ranar bikin garin ya tashi da zafi mai ɗanko. Muka kafa tebur a gindin badamiye, gawayi na ci a dutsen guga. Matan da suka ba da abayoyinsu suka zo da fanke da kunun gyaɗa, kowace na neman tata. "Waccan hannun tawa ce!" "A'a Hajiya, taki ai ta yi ja, ga ta can a jikin mai gemu." Mawaƙan Baba Bitrus suka jeru da shuɗinsu. Ornella ta hau kujera da lasifikar hannu tana kiran suna ɗaya-ɗaya, da sunan uwa da na gari, abin da ba a yi a zaure.

Aikin ya zama kamar rawa. A kira suna, in jefa riga a kafaɗa, in zura hannu ta baya in ja zariya, in durƙusa in maƙale maɓalli, Goggo ta ɗora farin wuya. Dangi su yi guɗa, a ɗauki hoto, a cire, guga ta bi ta kai sau biyu, na gaba ya shigo. Ba a ce kujera biyu ba, don haka wani ya zo da mutum goma sha, har da jariri da maƙwabci. Masu gadin ƙofa suka tsaya suna kallo da fuska a ɗaure. Ba a jima ba ɗayansu ya matso ya ce a hankali ko za a ara masa minti ɗaya, yana so ya aika wa matarsa.

Amma ganga na jingine ba mai bugawa. Landry ya tafi tasha tarbo kakarsa tun safe, bai dawo ba. Rigarsa na rataye a reshe, iska na kaɗa ta. Na ga mutane sun fara waiwayen ƙofar zaure, inda kiɗan kamfani ke tashi.

A daidai lokacin malamai suka fito a jere za su shiga zauren, kowa da rigarsa ta girma mai launi a ƙirji. Duwayan na gaba, cikin kwat ruwan toka kawai, kamar mai zuwa banki. Wani daga cikinmu ya ɗaga murya: "Jama'a, Duwayan ma bai iya biyan haya ba!" Dariya ta tashi har tsuntsaye suka bar itacen. Ni ma na yi, da gayya ma, don ban yafe masa shirunsa ba. Ya tsaya ya dubi wajenmu, ya cire tabarau ya goge, ya shige.

Sai ga taksi ta tsaya, ta yi sama kaɗan da Landry ya fito. Ya zagaya ya fito da wata 'yar tsohuwa da ba ta kai masa ƙirji ba, da ɗankwali sabo fil. Ya dubi ƙofar zaure, ya dubi reshe. Bai taɓa gwada rigar ba. Na hau kujerar Ornella don in kai kafaɗarsa. Hannu ɗaya ya shiga. Na biyu ya shiga. Yadin ya zubo har idon sawu ya tsaya cak, ban ja komai ba, ban saki komai ba.

Tsohuwar ta matso. Ba fuskarsa ta fara kallo ba. Ta kama bakin hannun rigar ta murza tsakanin yatsu biyu, yadda mai saye ke yi a kasuwa, ta jinjina nauyinsa. Ta faɗi wani abu da yarensu.

"Me ta ce?" in ji Ornella, lasifika na kunne ba ta sani ba.

"Ta ce wannan ya fi na kalanda. Ta ce kar in kuskura in ci miya da ita."

Sannan tsohuwar ta aje sandarta ta fara taka rawa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Landry ya ɗauki ganga da rigar a jikinsa. Mawaƙan coci suka kama, matanmu suka saki guɗa, waɗanda suka shiga zaure ma suka riƙa fitowa da rigunan haya suna shiga layinmu. Ni ce ta ƙarshe da aka kira. Rigar da ta zo kaina ta jiƙe da gumin mutum goma sha, tana ƙanshin humra da kyandir da turaren wasu iyaye. Goggo ta ja zariyar har na yi tari. Ta ce, "Miƙe bayanki, ana ɗaukar hoto."

Shekarar da ta biyo baya makaranta ta ce kowa ya zo da toj daga inda ya ga dama. Gidan abinci da ɗakunan kwana suna hannun kamfani har yau, 'yan bayanmu na ta fama. Rigunan nan bakwai kuwa ba su huta ba. Ana aron su daga Alibandeng, daga Cocotiers, har daga makarantun da ban san da su ba. Nakan shiga gidan mutane kai ɗinki in ga kalmasata a cikin hoto a bango.

Sai bara, bayan Goggo ta bar min keke ta koma kujerar bakin ƙofa, wani dogon tsoho ya shigo, kwat na lilo a jikinsa don rama. Madam ta Cocotiers na riƙe da hannunsa. Sai da ya cire tabarau ya fara gogewa na gane shi. Ban taɓa sanin mijinta ba ne.

Ya ce jikarsu ce za ta kammala, an ce muna ba da aron toj. Na nuna masa shidan. Ya wuce su ya tafi wajen ta bayan keke, ya ɗaga kalmasa, ya zura ɗan yatsa a hudar ƙunar nan ba tare da ya nema ba.

"Taba ce," in ji shi. "Ranar da na kare digirina na ƙarshe."

Madam ta ce ranar da Goggo ta je mata da maganar, ita ta ce a bari ta nemi wani yadin. Shi ne ya tashi ya ɗauko rigar da kansa, ya zauna a teburin cin abinci da rezar aski, ya cire rawayan ƙirjin, ya warware sauran don kar a gane.

Na juya wajen Goggo. Tana ta tauna goro tana kallon titi.

"Amma Malam," na ce, "jikar taka ai ba za ta cika ta ba."

"Tana da zariya," in ji Goggo daga ƙofa. "Sai dai akwai mutum biyu a gabansa."

Duwayan ya mayar da tabaransa, ya zauna a bencin 'yan koyo, ya ce ba komai, zai bi layi.